Littafin aikin kwamitin bakin Hor Baraka

12 ga Oktoba, 2024

An kafa kwamitin yau bayan la'asar, a rumfar makarantar allo, domin ɗakin da aka saba taruwa a ciki har yanzu taɓo ne cike da shi. A ƙarshen Agusta Hor Baraka, kogin da ke kawo ruwa da damina kaɗai, ya fasa jinga ya shiga garin Tokar a gabashin Sudan, kusan lokaci guda da ɓallewar madatsar Arba'at a arewacin Bur Sudan. Mutane ba su gama kwashe laka daga ɗakunansu ba sai ga labari cewa wani kamfani ya nemi fili a bakin Bahar Maliya, tsakanin gonakin ƙarshe da kurmin shura, itacen nan da ke tsirowa a ruwan gishiri, zai haƙa tafkunan kiwon jatan lande, ya ja jinga ya ɗora hanyar mota a kanta. Dokar kare muhalli ta 2001 ta wajabta a yi nazarin illar irin wannan aiki kafin a sa fartanya a ƙasa. Kamfanin ya ce ya yi nasa. Ba wanda ya tuna an zo an tambaye shi.

A kwamitin akwai manoma, akwai masunta, akwai makiyaya Hadandawa da Bani Amir, da malamai biyu masu ilimin teku da suka yarda su riƙa zuwa daga Bur Sudan ba da ko sisi ba. Ni aka ba rubutu, saboda ina jin Hausa da Larabci, ina kuma taɓa harshen Bija da Hadandawa ke yi. Abin da aka ɗora mana: mu zana taswirar gaɓar nan yadda mutanenta ke amfani da ita, mu rubuta namu nazarin, mu kai wa hukuma kafin a sa hannu a takardar fili.

2 ga Nuwamba, 2024

Mun fita neman bakin kogin, muka dawo da sanin cewa ba shi da baki ɗaya.

Baraka daga duwatsun Eritiriya yake sauka, Anseba ya zuba masa, Hor Langeb ya ƙara masa a cikin Sudan. Yawancin shekara yashi ne zalla. Daga Yuli zuwa Satumba yake kawo ruwa, kashi-kashi, ja wur da laka, ya bazu a filin Tokar. Idan ya janye, manomi ya bi sawunsa ya shuka gero da dawa da auduga a kan danshin da ya bari, ba sai ya ƙara ban ruwa ba. Haka ake yi tun lokacin da Ahmad Mumtaz Basha, gwamnan Sawakin, ya shigo da noman auduga a shekarun 1860. Amma lakar da ruwan ke kawowa ita ke cike hanyar da ya bi bana, don haka baɗi sai ya nemi wata. A shekarar ƙaramin ruwa ba ya ma kaiwa teku, ƙasa ke shanye shi. A shekara irin wannan kuwa ya kai, ta wurare da dama.

Wani dattijon manomi ne ya ja mu, mutumin da ya yi ƙodago a audugar nan tun yana saurayi. Yana tafe yana nuna tsofaffin hanyoyin ruwa da sandarsa, waɗanda ni ido na ba ya rarrabe su da sauran fili. Ya ce min, "Ɗana, kar ka rubuta inda ruwa ya bi bana kaɗai. Rubuta duk inda ya taɓa bi, don zai koma." Mun sa su a taswira da jan alƙalami. Mun tsaya a wajen Tirinkitat, tsohuwar tashar da ake loda audugar Tokar zamanin Turawa, inda ƙaramin layin dogo ya taɓa kaiwa.

23 ga Nuwamba, 2024

Rahoton kamfanin ya shigo hannunmu. Na karanta wa jama'a shi da Larabci, na fassara.

A watan Yuli suka zo auna filin. Sun rubuta cewa fako ne mai gishiri, busasshe, ba gida, ba gona, ba mai amfani da shi. A Yuli gaskiya suka gani. Sai dai Bahar Maliya a ɓangarenmu ba ta cika da janyewa sosai a kullum kamar sauran tekuna. Babban motsinta na shekara ne. Da bazara ruwan na sauka, da hunturu ya hau, ya malale wannan fakon da suka kira busasshe. A lokacin ne ƙananan kifi ke shiga tsakanin saiwoyin shura, a lokacin ne kuma makiyaya ke gangarowa daga duwatsu, tunda gaɓar nan da hunturu take samun ɗan ruwan samanta. Wanda ya zo a Yuli zai tarar da iska da ƙura, ya koma ya ce ba kowa.

Wannan ya canza mana tsarin aiki gaba ɗaya. Taswira ɗaya ba za ta faɗi gaskiyar wurin nan ba. An yanke cewa za mu yi ta wata-wata: ina ruwa yake, wa ke wurin, me yake yi. Aiki ne na shekara guda, kuma na san wasu a kwamitin sun so a gama a mako biyu a kai ƙara. Amma idan muka je da baki kawai, su suna da takarda mai hatimi.

28 ga Disamba, 2024

Ruwa ya hau fakon. Mun kafa turaku masu alamar fenti a jere daga gindin kurmin zuwa tudu, yaran masunta za su riƙa duba inda ruwa ya kai kowace Juma'a su faɗa min.

Na shiga kurmin da wani masunci a hurinsa, wato ɗan kwalekwalensa, da sanda yake turawa saboda ruwan bai kai gwiwa ba. Wanda bai taɓa shiga shura ba ba zai gane me ake tsoron rasawa ba. Itacen gajere ne, ganyensa kore ta sama, fari-fari ta ƙasa, idan ka lasa ka ji gishiri, domin ta ganyen yake fitar da gishirin da ya sha. Kewaye da kowane gindi dubban saiwoyi ne sun tsiro sama daga laka kamar tsinken tsire, da su yake numfashi. Tsakaninsu ƙananan kaguwa ke kai da komo, ga 'ya'yan kifin arabi tuli, ga jatan lande da ba su kai tsawon farce ba. Masuncin ya sa tafin hannu ya ɗebo ya nuna min, ya mayar. Ya ce, "Malam, wanda muke kamawa a waje da taru, nan ya yi yarinta."

Ɗaya daga cikin malaman ta auna gishirin ruwan da ɗan abin awonta. Bahar Maliya dama gishirinta ya kai wajen giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne, saboda zafi na ƙone ruwan kuma ba wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba mata. Shura na jure wannan, amma ya fi ƙoshi inda ruwan daɗi ke tsattsafowa ta ƙarƙashin yashi daga hor. Shi ya sa kurmin ya fi kauri daidai bakin tsofaffin hanyoyin da dattijon nan ya nuna mana. Jingar da ake son ja za ta ratsa su ne a gicciye. Ba sai an sare itace ko ɗaya ba. A toshe masa ruwa ta baya, a zuba masa dattin tafki ta gaba, a hankali zai bushe a tsaye.

Mun ga kwasakwasa da zalɓe da yawa. Masunta sun ce a ciyawar ƙarƙashin ruwa da ke gaba kaɗan akan ga ɗan'uwan ayu na teku jefi-jefi, da kunkuru. Na rubuta a matsayin abin da aka faɗa min.

18 ga Janairu, 2025

Zaman yau ya kusa watsewa, kuma ba kamfani ne ya jawo ba.

Wani matashin masunci ya miƙe ya ce tun kafin kamfani ya zo raƙuma ke cinye shura, suna tattake saiwoyi, suna tsinke toho, don haka idan za a kare kurmin a fara da korar raƙuma. Makiyaya suka tashi tsaye. Maganarsa akwai gaskiya a ciki: mun gani da idonmu, ta gefen tudu itatuwan a aske suke daidai inda wuyan raƙumi ke kaiwa, kuma ƙananan tsiro ba sa rayuwa a wurin. Amma shi makiyayi, shekarar da ruwan hunturu ya yi ƙaranci, shura ce ke tsakanin garkensa da mutuwa. Ka ce masa kar ya shiga, ka ce masa ya sayar da dabbobinsa a wulaƙance ke nan.

Umdan Hadandawa, wato shugabansu na gargajiya, shi ne ya kwantar da ƙurar. Ya sa aka kawo jabana, wato gahawa, ya yi shiru har aka sha zagaye na farko, sannan ya ce al'adarsu ta silif ta san yadda ake hana kiwo a wani yanki har ya farfaɗo, ta kuma san gwadab, ɗan abin da baƙo ke bayarwa don ya nuna ya san ƙasa da mai ita. Ya ce ba sabon abu ba ne, sai dai ba a taɓa zama da masunta a kai ba. Limaminmu ya ce, "Ya umda, to ga mu mun zo."

An tsaya a kan raba kurmin gida uku. Kashi ɗaya a rufe shi ga raƙuma shekara biyu, ragowar a riƙa shiga bi da bi, sannan a juya. Su kuma masunta sun yarda su daina sa taru mai ƙananan idanu a bakin kurmin da hunturu. Ban ɗauka wannan zai tafi sumul ba, amma ni a ganina zaman yau ya fi duk awon da muka yi daraja. Hukuma ba ta da mai gadin da za ta ajiye a nan. Dokar da umda ya furta a gaban mutanensa ita ce za ta hana raƙumi shiga da daddare.

15 ga Fabrairu, 2025

Mata sun aiko cewa an yi zama huɗu-biyar ba a kira su ba. Na je na same su a gidan wata goggona.

Su ne ke shiga ruwa mara zurfi da sassafe suna tsintar dodon-koɗin teku. Naman a ci ko a shanya, ɗan murfin bakinsa kuwa shi ne farcen da ake haɗa humra da turaren wuta da shi, wanda ake saye da tsada a kasuwannin Sawakin da Bur Sudan. Goggo ta kwance ƙullin zane ta zuba min a tabarma, baƙi-baƙi, masu kaifin baki, da ƙarnin teku a jikinsu. Ta ce da shi ta aurar da 'ya'ya biyu. Hanyar da suke bi zuwa ruwan ta ratsa tsakiyar filin da aka nema. A rahoton kamfanin babu su, a taswirarmu ma har yau babu su. Na zauna sun zana min hanyar a ƙasa da yatsa, na kwafa. An ƙara mata biyu a kwamitin.

Daga nan maganar ta kai mu inda ke min ciwo. Idan an zo biyan diyya ko jin ra'ayi, takarda ake tambaya. Rajistar gonakin Tokar mafi yawa da sunan manyan gidaje take. Namu, waɗanda kakanninsu suka taho a ƙafa daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka tsaya tsintar auduga don su tara kuɗin ƙetarawa Jidda daga Sawakin, yawancinsu noman raba-daidai suke yi a gonar wani, ko kamun kifi, ko dako. An haifi uba a nan, an haifi kaka a nan, amma ba sunansu a littafi. Makiyayi ma ba shi da takardar kurmi, mai tsintar farce ba ta da takardar ruwa. Nazarin da ke ƙirga masu takarda kaɗai zai tarar da gaɓar nan wayam ko da wane wata ya zo. Don haka a taswirarmu muna rubuta mai amfani da wuri da lokacin da yake amfani da shi, ba mu tambayar wa ya mallaka. Wani manomi mai rajista ya nuna damuwa kada wannan ya zama hanyar ƙwace gona. Na karanta masa shafin da kansa ya ji babu kalmar mallaka a ciki, ya yarda.

14 ga Maris, 2025

Azumi, aiki ya ragu. Ana zama bayan tarawihi.

Batun itacen girki aka tattauna. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 jama'a suka kwararo jihar nan ta Bahar Maliya, gawayi ya yi tsada, gatari ya fara shiga shura. Alhali ga miskit, itacen nan mai ƙaya, ya cinye gonaki. An shigo da shi Sudan a 1917 don tare yashi, ya zama annoba har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995, bai kawu ba, dabbobi na cin 'ya'yansa suna yaɗa irin a kashinsu. Gawayinsa mai kyau ne. Masu gonaki uku sun yarda masu yin gawayi su shiga su sare kyauta, da sharaɗin su tone har saiwa, don idan aka bar kututture sai ya dawo fiye da da.

10 ga Mayu, 2025

An ɗage zaman da za mu yi da hukuma. Tun ranar 4 ga wata jirage marasa matuƙi ke kai hari Bur Sudan, rumbunan mai sun kama da wuta, mota ta yi wuya. Malaman ba su samu zuwa ba. Yaran masunta dai ba su fasa duba turaku ba. Ruwa ya fara ja da baya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

21 ga Yuni, 2025

An yi zaman. Jami'ai biyu, injiniyan kamfanin, da mu.

Mun shimfiɗa taswirorin wata takwas a jere a kan tabarma, muka danne kusurwoyinsu da duwatsu. Ban yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. A ta Nuwamba shuɗin ruwa ya fara shiga filin, a ta Janairu ya rufe fiye da rabinsa, ga sawun raƙuma, ga hanyar mata, ga jajayen layukan tsofaffin hanyoyin hor sun ratsa inda aka zana jinga. Malamar ta tuna wa jami'an cewa gaɓar nan tana cikin yankin Sawakin zuwa Agig da Sudan ta sa a jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2009, kuma ƙasar na cikin yarjejeniyar Jidda ta 1982 ta kare Bahar Maliya. Ta kawo misalin Sanganeb da Dungunab da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2016, ta ce murjanin da ake alfahari da shi ruwa mai tsabta yake so, kuma kurmi irin wannan ne ke tare laka kafin ta isa gare shi.

Amma abin da ya sa kowa ya yi tsit maganar dattijon manomin ce. Ya ce wa injiniyan, "Ɗana, ruwan bara da ya shiga gari, da ya tarar da bango a gabansa ta wajen teku, ina zai koma?" Injiniyan mutumin kirki ne, bai yi gardama ba. Ya ce lissafinsu na ruwan teku ne, ba su lissafa ambaliya daga tudu ba, kuma zai rubuta haka.

Ba mu ce kar a yi aikin ba, kuma wannan da gangan ne. Samari a nan ba su da abin yi, suna kallon jiragen dabbobi na tashi daga Sawakin zuwa Jidda suna lissafin yadda za su bi. Abin da muka nema a rubuce: a matsar da tafkunan zuwa tudun da taswirarmu ta nuna ruwa bai taɓa hawa ba kuma babu hanyar hor; kada a ja jinga a gicciyen magudanar ruwa, inda hanya ta zama dole a yi kwalbatoci masu faɗi; ruwan da aka sauya daga tafki ya kwanta a wani rami kafin a sake shi, kuma ba ta cikin kurmi ba; a bar hanyar mata da ta raƙuma a buɗe; a sake nazarin da hunturu, da mutanenmu a cikin masu awo. Jami'an sun karɓa sun sa hannu cewa sun karɓa. Ba su yi alkawarin komai ba.

26 ga Yuli, 2025

Hababai ta taso, iskar nan mai zafi da ke fitowa ta tsagin duwatsun Tokar ta tura ƙura har cikin teku. Da rana ba a ganin gaba. Mun fita da asuba muka zaga turaku: fakon ya bushe ƙayau, gishiri ya yi ɓawo yana fashewa a ƙarƙashin takalmi. Mun ɗauki hoto a daidai wuraren da muka ɗauka a Janairu, za a liƙa su gefe da gefe.

A kashin da aka rufe, ƙananan shura sun fito da yawa, wasu sun kai tsawon hannu. An samu sawun raƙuma a wuri ɗaya. Umda ya bincika, ya ce baƙi ne da ba su ji sanarwa ba, ya aika musu. Masunta ba su tada magana ba, na kuma ji daɗin hakan.

9 ga Agusta, 2025

Amsa ta zo rabi. Kamfanin ya yarda da kwalbatoci da ramin kwantar da ruwa, ya yarda a sake awo a Janairu. Matsar da tafkuna kuwa ya ce zai ƙara masa kuɗin famfo, bai amince ba tukuna. Takardar fili ba a sa mata hannu ba, ba a kuma janye ta ba.

Hor na iya kawo babban ruwa kowane lokaci daga yanzu, don haka an raba aiki. Manoma huɗu za su bi kowace ambaliya su sa alama inda ta bi da inda ta tsaya. Masunta za su lura ko jan ruwan ya kai teku, da nisan da ya shiga. Matan sun ɗauki nauyin turakun kudu, tunda hanyarsu ce. Ni zan kwafe taswirorin Satumba da Oktoba idan sun cika, shekara ta zagayo ke nan, sannan a kai cikakken kundin Bur Sudan da kwafi uku: na hukuma, na umda, da wanda zai zauna a hannun liman. Fenti ya ƙare, kuma turaku biyu na gefen kudu iska ta kayar, sai an sake kafa su kafin Juma'a.